Filin Tambaya da Amsa: Ɗan Majalisar Jiha da Kukan Mutanen Karkara

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye na jihar Kano. A daminar bara ruwa ya cinye kwalbatin da ke sada mu da kasuwa, rijiyar burtsatsenmu kuma ta daɗe da lalacewa. Da muka kai kuka wurin ɗan majalisarmu na jiha, sai ya ce shi yin doka ne aikinsa, ba gina hanya ba. Shin gaskiya ya faɗa, ko zille mana ya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kawo muku sauƙi. Wakilinku ya faɗi rabin gaskiya, ya yi shiru a kan rabin da ya fi shafar ku. Gaskiya ne ba shi ke bayar da kwangila ba, domin wannan aikin gwamna ne da ma'aikatunsa, ƙananan hanyoyin karkara da kasuwanni kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora su a wuyan ƙananan hukumomi. Sai dai gwamna ba ya da ikon taɓa kuɗin jiha sai da amincewar majalisa. Sashe na 121 ya wajabta masa gabatar mata da kasafin kuɗi kowace shekara, kuma kafin a amince da shi, kwamishinoni kan bayyana a gaban kwamitoci su kare abin da suka nema. A wannan zama ne wakilin da ya san ciwon mutanensa yake dagewa har sai an rubuta sunan garinsu da adadin kuɗin aikin a cikin kasafi. Majalisar Kano tana da kujeru 40 ga ƙananan hukumomi 44, kowa kuma tasa mazaɓar yake ja wa, saboda haka wanda ya yi shiru a lokacin, mutanensa ne za su kwana da ƙishirwa.

Ya kamata ku san bambancin abu biyu da ake yawan rikita jama'a da su. Idan kuka ji a rediyo cewa wakilinku ya gabatar da ƙuduri yana kira ga gwamnati ta gyara muku hanya, wannan kira ne kawai, bai zama dole a kan gwamna ba. Abin da ke da nauyin doka shi ne a sa aikin a cikin kasafi. Ko bayan an sa shi ma, akwai sauran rina a kaba, domin sau da yawa kuɗin ba ya fita, ko ɗan kwangila ya zuba ƙasa ya tafi. Sashe na 128 ya ba majalisa ikon bincike, tana iya gayyatar kwamishina ko shugaban hukuma ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga. A ganina wannan sa ido shi ne aikin da aka fi sakaci da shi a jihohinmu, kuma mutanen karkara ne suka fi shan wahalar sakacin.

Shawarata ita ce ku rubuta takardar koke, dagaci da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyinku su sa hannu, ku miƙa wa wakilinku kafin a gabatar da kasafi a ƙarshen shekara, ku kuma ajiye kwafi. Ku kai irinta wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma, musamman ganin cewa a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan kasafi ya fito, ku nemi ya nuna muku shafin da aikinku yake.

TAMBAYA: Malam, tun da muka zaɓi wakilinmu bai sake leƙo mu ba. Muna da damar sauke shi kafin wa'adinsa ya cika? Daga wata mai karatu a jihar Jigawa.

AMSA: Kuna da dama, Malama, ta hanyar kiranye, kamar yadda sashe na 110 ya tanada, amma hanyar tana da wuya. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke zuwa ga hukumar zaɓe ta INEC, ita kuma ta tantance sa hannun, sannan ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 da karɓar koken. A matakin tantancewar ne yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma ya rushe a 2018. Kafin ku ɗauki wannan dogon aiki, ku tura masa wakilai a rubuce ku nemi ya zo taron jin ra'ayin jama'a a mazaɓa, ku kuma aika wa kakakin majalisa kwafin takardar.