Amsa kan haɗa na'urori biyu da injin haidirolik guda ɗaya

Malam, ka tambaya ko injin haidirolik na tafi-da-gidanka zai iya tafiyar da na'urar fasa kankare da zarton yanka shi a lokaci guda a ginin da kuke yi a Daura. Zai iya, amma sai an duba yawan man da famfonsa yake turawa a minti ɗaya, domin galibin na'urorin fasa kankare na hannu suna bukatar lita 20 ko 30 a matsi na kusan bar 140 (bar shi ne ma'aunin matsi).

Kuskuren da na fi gani shi ne a raba tiyo ɗaya gida biyu da mahaɗi na gama-gari. Mai kamar ruwa yake, inda ya sami sauƙi nan yake bi, sai ka ga zarton yana gudu ita kuwa na'urar fasawa tana dukan kankare kamar mai jin yunwa. Abin da ya dace shi ne injin mai hanyoyi biyu, kowace da lita 20 nata, ko a sa na'urar raba mai daidai. Lissafin ma a bayyane yake: lita 20 a minti ɗaya a bar 140 tana cin kusan kilowat 4.7, biyu kuwa sun haura 9, don haka ƙaramin inji ba zai ɗauka ba.

Sannan ka kula da zafin bazara a Afrilu, domin man da ya yi zafi yana tsinkewa, kuma doguwar tiyo tana ƙara masa wahala. A ajiye injin a inuwa, a riƙa goge bakin mahaɗi kafin a ɗaura, musamman lokacin ƙurar hunturu.