Amsar tambayarka a kan sunan fayil

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya ƙara basira. Ka ce manhajar da ka rubuta da Node.js, dandalin gudanar da JavaScript, tana tashi lafiya lau a kwamfutarka mai Windows, amma da malaminku na jami'ar Ngaundere ya ɗora ta a kan Linux sai ta ce ba ta ga modul ɗinka ba, wato fayil ɗin da take kira. Kana tambaya ko al'adarmu ta sa wa fayil suna da ƙananan baƙaƙe zalla dole ce, ko kuwa ra'ayin tsofaffi ne kawai.

Ba banza muka riƙe ta ba. Duba abin da ka turo mini: fayil ɗin sunansa Lissafi.js, kai kuma ka kira shi da lissafi. Windows ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami, Mac ma haka yake fitowa daga kamfani, shi ya sa suka ɗaga maka ƙafa. A wurin Linux kuwa L daban, l daban. Mutanen yaren Python ma sun rubuta wannan ladabi a PEP 8, jagoransu na salon rubuta manhaja, cewa sunan modul ya zama gajere, da ƙananan baƙaƙe.

Mu da muke aiki da Faransanci, tamu ta fi yawa. Lokacin da nake wani ofis a nan Garwa, abokin aikina ya buɗe jaka a Mac ya sa mata suna données. Tsohon tsarin Mac yana ajiye é gida biyu, e daban, alamar kanta daban, alhali abin da muka buga a Linux harafi ɗaya ne. A ido ba bambanci ko kaɗan. Kwana biyu muka yi muna zufa cikin zafin Afrilu, wuta tana ɗaukewa tana dawowa, ma'aikata suna jiran takardun albashi, kafin muka gano. Har yau abin yana ci mini rai, don masu iyali ne suka sha jiran. Saboda haka ƙ da ɗ da ɓ, ka rubuta su da alfahari a cikin saƙon da mutane za su karanta, amma sunan fayil ka bar shi da baƙaƙe marasa lanƙwasa ko alama.

Sai maganar sanda. Unix da danginsa irin su Linux suna raba jaka da /, Windows da \, gadon MS-DOS 2.0 na 1983, don a lokacin an riga an ba / wani aiki. Kada ka haɗa hanya da hannunka, path.join na Node.js, mai haɗa hanyar fayil, ya san gidan kowa. Kuma kada ka sa wa fayil suna aux, con ko nul, Windows ya keɓe su tun zamanin DOS.

In za ka gyara Lissafi.js, yi amfani da git mv, domin a Windows git, manhajar da ke bibiyar canje-canjen fayiloli, yakan ƙi lura da canjin babban baƙi kaɗai. Ka gwada a Linux kafin ka miƙa wa malam, ka kuma gaishe mini da mahaifiyarka.

Baffanka