Ɗan faccalata ya kamu da ƙyanda, ya zan yi da goyona?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, barka da aiki. Mu gidan yawa ne, ɗan faccalata mai shekara 4 yau kwana biyar yana zazzaɓi da tari ga idonsa yayi jawur, jiya kuma ƙuraje suka feso masa a fuska. Surukarmu tace baƙon dauro ne, kar a masa wanka kar a kai shi asibiti wai allura na sa ta koma ciki. Ni kuma ina da goyo ɗan wata 7 da yarinya 'yar shekara 3 da aka yi mata rigakafi sau ɗaya. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Yadda kika kwatanta ɗin nan da alama Hajiya ta canka daidai, haka ƙyanda take zuwa, zazzaɓi mai zafi da tari da majina da jan ido na kwana 3 zuwa 4 tukuna, sannan ƙuraje su fara daga bayan kunne da goshi su gangaro jiki har ƙafa. Wani lokaci in kika haska cikin kumatun yaro da tocila kafin ƙurajen su fito za ki ga ɗigo-ɗigo farare kamar an barbaɗa gishiri. In kuwa ƙurajen masu ruwa ne a ciki suna ƙaiƙayi toh wannan ƙarambau ne, daban yake.

Abin da mutane basu gane ba shine ƙyanda a iska take, a hanci da maƙogwaro ƙwayar cutar ke zama, yaro yayi tari ko atishawa ta fita, kuma tana iya kai awa 2 a cikin ɗaki bayan ya bar wurin. Cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, kusan 9 sai sun ɗauka. Yana kuma yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su bayyana har kwana 4 bayan fitowarsu, kinga kenan tun yaran suna cin tuwo a kwano ɗaya ana cewa mura ce take zagaya gidan.

Don haka goyon nan naki shi ya fi damuna. A tsarinmu na Najeriya sai wata 9 ake allurar rigakafin ƙyanda ta farko, ta biyu a wata 15, shi bai kai ba. Ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa yau ɗin nan, kar ki jira gobe, ki faɗa musu tun daga ƙofa cewa akwai mai ƙyanda a gida don kar su haɗa ku a benci da sauran jarirai. Allurar na iya karewa in aka yi ta cikin awa 72 da haɗuwa da mai cutar, naku lokacin ya ɗan ja amma su za su duba, ana yi wa ɗan wata 6 in cuta ta ɓulla, sai dai duk da haka ki mayar da shi ta wata 9. Yarinyar ki tafi da katinta a cike mata ta biyu, kyauta ne. In akwai mai ciki a gidan da bata taɓa yin ƙyanda ko rigakafinta ba ita ma ta nisanci ɗakin mara lafiyar, cutar na iya jawo ɓari.

Shi mara lafiyar a ware masa ɗaki, mutum ɗaya ke jinyarsa, a buɗe taga iska ta ratsa, ba makaranta ba islamiyya ba masu zuwa dubiya da goyo a baya. Kofinsa daban, a riƙa wanke hannu da sabulu.

Maganar wanka da allura kuma, ku lallaɓa Hajiya, ko maigida ya mata magana cikin ladabi. Ƙyanda bata komawa ciki, yaran da ake cewa ta shige musu namoniya ce ko gudawa ta ƙarar da su. A goge masa jiki da ruwan ɗumi, a ba shi farasitamol banda asfirin, ruwa da kunu da ƙwai duk abin da zai iya ci. Ido kuwa wallahi na ga yaran da suka makance saboda abin da aka ɗiga musu a gida, kar a sa kwalli ko wani tsimi, auduga da ruwan da aka tafasa ya huce ya isa. A asibiti za su ba shi bitamin A sau 2, yau da gobe, shi ke kare idon yana kuma rage mace-mace.

In kuka ga numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi shan komai, ko jijjiga, ko ƙwayar idon ta yi hazo, ko tsakar dare ne a fita da shi. Naki yaran kuma ki sa musu ido har kwana 21, zazzaɓi na farawa ki ware su ki koma asibiti, kar ki tsaya jiran ƙuraje.