Kuɗin mota da ake ba ɗan jarida, kyauta ne ko toshiyar baki?

Tambaya: Malam ni sabon ɗan jarida ne. In an gama taron manema labarai sai a miƙo mana ambulan wai kuɗin mota. In na karɓa amma na rubuta gaskiya, ai ba laifi ko?

Amsa: Ƙanena akwai laifi, kuma babba. Mai miƙo ambulan bai damu da labarin yau ba, wannan ai sanarwarsa ce ka kwafa. Shirunka na gobe yake saye. Ranar da takardun kwangilar da aka cinye suka faɗo hannunka, ka ga sunan mutumin nan a saman shafi, wallahi hannunka sai ya yi nauyi, ka ce bari a ƙara bincike tukuna, daga nan labarin ya mutu a durowa ba tare da kowa ya ce ka kashe shi ba. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Dubi ƙasar Peru zamanin shugaba Fujimori. Vladimiro Montesinos, mai juya hukumar leƙen asiri, yana rabon cin hanci yana naɗa a bidiyo, kuma abin da yake ba masu gidajen talabijin ya ninka na alƙalai da 'yan majalisa nesa ba kusa ba, don ya san inda tsoronsa yake. A 2000 tashar Canal N, wadda bai saye ba, ta nuna bidiyonsa yana ba ɗan majalisa kuɗi, kafin shekarar ta ƙare gwamnatin ta faɗi. Shi ya sa kundin ɗa'a da ƙungiyar 'yan jarida ta duniya IFJ ta amince da shi a Tunis a 2019 ya hana ɗan jarida cin wata moriya saboda ya buga labari ko ya ɓoye shi.

Na san wasu gidajen jarida sai su yi watanni ba albashi, su ba ka katin shaida su ce je ka ci da shi, kuma mai gidan da ya yi haka laifinsa ya fi naka. Amma mai sauraro bai san wannan ba, kai ya yarda da kai. Don haka ka nemi kuɗin motarka a ofis kafin ka fita, in an miƙo ka ce na gode ofis ya biya, in kuma sun cusa maka a aljihu ka kai wa edita a mayar musu a rubuce.