Maɓallin agogon gado yana buɗe kansa: cirewa don alwala ce ta jawo?

Tambaya: Malam, daga Daura nake rubutowa. Na gaji agogon Rolex Datejust mai irin sarƙar da ake kira Jubilee daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yanzu maɓallin sarƙar yakan buɗe da kansa, ita ma sarƙar ta saki. Ina cire agogon duk lokacin da zan yi alwala. Shin yawan cirewar ne ya kashe maɓallin? In sayi sabo ne?

Amsa: Amin, Allah ya gafarta wa Baba. Alhaji, cirewa sau biyar a rana ya haura sau 1,800 a shekara, amma laifinta kaɗan ne a sakin sarƙar. Abin da ke cin sarƙa a ƙasarmu ƙura ce da zufa. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin gaɓoɓin sarƙar, zufar bazara ta kwaɓa ta, sai ta zama baƙin datti mai yashi a ciki. Duk motsin hannu, dattin yana niƙa 'yan fil ɗin da ke riƙe gaɓoɓin kamar dutsen niƙa, ramukansu kuma suna ƙara faɗi. Mutane sukan ce sarƙa ta miƙe, alhali ƙarfen cinyewa ya yi. Jubilee, wadda ta fito tare da Datejust a 1945, gaɓoɓinta ƙanana ne kuma suna da yawa, shi ya sa take saurin nuna wannan fiye da Oyster, wata sarƙar Rolex mai manyan gaɓoɓi. Wadda aka haɗa da gwal ta fi saurin ci, don gwal mai karat 18 bai kai ƙarfe tauri ba.

Gwada wannan: kama kan agogon, ka juya shi ta gefe, ka bar sarƙar a iska. Idan ta rusuna ƙasa sosai, ta ci. Masu sa agogo sakwa-sakwa yana yawo har bayan hannu, su ne suka fi kawo mana irin wannan.

Shi kuwa maɓallin, tsofaffin na Rolex da siririn fallen ƙarfe aka buga su. Babu sifirin a ciki, ɗan lanƙwason fallen ne ke sa ya kama ya ce ƙas. Da lanƙwason ya kwanta, sai ya riƙa zamewa. Mai gyaran da ya san hannunsa yakan dawo da shi cikin 'yan mintoci, muddin ƙarfen bai tsage a wurin mahaɗa ba. Kada dai ka bari a sa masa filaya a bakin kasuwa. Na ga maɓallai da yawa da haƙoran filaya suka ɓata, kuma wannan tabon ba ya fita. Na zamani, irin su Oysterlock da Glidelock, daga dunƙulen ƙarfe ake sassaƙa su, sun fi ƙwari nesa ba kusa ba, sai dai su ma datti yakan daskarar da abin da ke motsi a cikinsu.

Ni ban ba ka shawarar sauyawa ba. Maɓallin asali yana cikin darajar agogon, kuma jabu sun cika kasuwa. A gyara lanƙwason, sarƙar kuma in ta ci sosai akwai masu sake mata fil. Ka hana a goge ta da inji, kowace guga ƙarfe take ragewa. Wanki kuwa da ruwan ɗumi, sabulu da tsohon buroshin haƙori, amma tunda agogon tsoho ne a cire sarƙar daga jikin agogon kafin ta ga ruwa. Kafin a gyara, kada ka sa agogon a kan babur ko cikin cunkoson hawan sallah.