Amsar tambayarka a kan "Allah ya ba ka nasara"

Ɗana, ka ce ka raka abokinka gaisuwa fada nan Jos, ka ji fadawa suna ta "Allah ya ba ka nasara", alhali sarki ba yaƙi zai fita ba, har kana tunanin ko kalmar ta haɗa dangi da Nasara, wato Turawa.

Nasara aro ce daga Larabci, "nasr", kuma ma'anarta ta farko taimako ce, kamar yadda ta zo a farkon Suratun Nasri. Daga saiwar nan aka samu Ansaru, mutanen Madina da suka taimaki Manzon Allah (SAW), da sunaye irin su Nasiru da Mansur. Saboda haka bafade roƙo yake yi Allah ya dafa wa sarki a shari'a da riƙon jama'a. Shi ya sa "Allah ya taimake ka" take zama a gurbinta. Ana faɗa wa sarki da hakimi da alƙali. Ka tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ka durƙusa, ka yi jinjina da hannun dama, sannan ka faɗa. Kada ka tsaya jiran sarki ya amsa da bakinsa, dogarai ne za su ce an gaishe ka.

Nasara ta Turawa kuwa kalma ce daban, sunan da Larabawa ke kiran Kiristoci da shi. A baki ana jan "sa" ɗinta, rubutun boko ne ya haɗe su. Kakanninmu sun laƙaba wa Turawan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Maƙwabcinka dai ka ce masa Kirista, ya fi ladabi.

Ka lura na ce "suka ci Kano". Wannan ita ce tamu ta gado. Bahaushe cin yaƙi yake yi, ya ci zaɓe, ya ci jarrabawa, ya ci riba, har nasarar ma cin ta yake yi. In an share komai ba a bar saura ba, sai a ce an lashe, kamar yaro da kwanon miya. A ƙwallo an ci mu biyu da nema, in ba wanda ya ci sai a ce kunnen doki. Ɗan kokawa kayarwa yake yi, ɗan dambe kisa, ko da wanda aka kashen ya miƙe ya kaɗe ƙura. Galaba, ita ma Balarabiya, sai da abokin karawa, rinjaye kuma na yawan ƙuri'a ne.

Inda yaran yanzu ke tuntuɓe shi ne jingina "ci" kai tsaye ga mutum, musamman mace. A nan kalmar takan zame ta koma batsa, ka ga dattawa sun sunkuyar da kai. Ka ce ya kayar da ita a zaɓe, ko ta sha kaye.

Ka gaida mahaifiyarka.