Amsa kan tayin aikatau a Libiya

Malama, game da hajiyar da kika ce ta yi wa ƙanwarki alkawarin aikatau a Libiya, kuma ta ɗauke mata kuɗin mota, shawarata ita ce ku dakatar da tafiyar. Wannan kuɗin ne yake zama bashi idan an wuce Agadas an isa garin Sabha da ke kudancin Libiya, inda ake ƙwace fasfo da waya, sannan a tilasta wa yarinya karuwanci har sai ta biya, alhali kullum bashin ƙaruwa yake yi. Abin takaici, sau da yawa dillaliyar 'yar unguwa ce da iyaye suka amince da ita. Ku kai maganar ofishin NAPTIP na Kano, hukumar da aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane.